Wa Ke Magana da Yawun 'Yan Rabin Aji?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Yau maganarmu a kan ajin da ya fi kowane aji ƙanƙanta ne a makarantun firamarenmu na Katsina, wato rabin aji. A takardun hukuma ana ce masa ajin share fagen shiga firamare, a makarantun kuɗi kuma nazare. Abin da muke son sani shi ne, ranar da za a zauna a yanke shawarar ɗakin da za a ba waɗannan yara, da malamar da za a ba su, da kuɗin da za a kashe musu, wa yake zama a wurin da sunan iyayensu?

Bari mu fara da abin da doka ta ce. A 1999 ne Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, wato UBE, a Sakkwato, aka kuma kafa masa doka a 2004. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilimin tushe, ta kuma ambaci kula da ƙananan yara da karantar da su a cikin abin da shirin ya ƙunsa. Hukumar UBEC, mai kula da shirin a matakin tarayya, ita ce ke riƙe da kuɗin a Abuja, kuma jiha sai ta ajiye nata kason kafin ta karɓi babban tallafin. A nan gida hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ita ce ke da firamare, ƙarƙashinta akwai sakataren ilimi a kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar. Kundin manufofin ilimi na ƙasa, bugun 2013, ya ƙara fito da maganar fili: shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, malami ɗaya ga yara 25, koyarwa ta hanyar wasa, da harshen uwa ko harshen da ake ji a unguwar. Saboda haka rabin aji yana da gurbinsa a tsarin ƙasa, haƙƙin yaron ne.

To, ta wace ƙofa iyaye ke shiga? Ƙofofi biyu ne, kuma mutane da yawa suna haɗa su. Ta farko ita ce PTA, ƙungiyar iyaye da malamai. Ita kowa ya sani, domin galibi takardarta ba ta zuwa gida sai in za a yi karo-karo. Ta biyun ita ce SBMC, kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa a makarantun gwamnati tun kimanin shekara ashirin da suka wuce. Wannan kwamitin shi ke tsara abin da makaranta ta fi buƙata a shekara, ya sa ido a kan zuwan malamai da ɗalibai, kuma idan tallafi ya zo kai tsaye, asusunsa ne yake shiga. A ciki za ka tarar da wakilin mai unguwa ko magaji, da liman, da hedimasta wanda yawanci shi ne sakatare, da wakilan malamai, da na PTA, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'ar hannu, da wakilan mata, har da ɗalibai biyu, namiji da mace.

Ku duba jerin nan da kyau. Ɗaliban da ake ɗaukowa 'yan aji biyar ne ko shida, waɗanda bakinsu ya buɗe. Wakilin PTA sau da yawa dattijo ne mai mutunci a unguwa, wanda autansa ma ya kusa gama makarantar. Malamin da ke wakiltar malamai da wuya ya zama shi ke riƙe da ƙananan. Kowa a wurin mutumin kirki ne, amma sai a zauna a tashi babu ko mutum ɗaya da yake da ɗa ɗan shekara huɗu ko biyar a makarantar a wannan zangon. Idan ɗakuna suka yi ƙaranci, waɗanda ba su da jarrabawa a gabansu su ne ake fitarwa baranda ko gindin bedi. Idan malami ya yi ritaya a aji shida, malamar ƙanana ce ake ɗagawa ta cike gurbin, su kuma a haɗa su da aji ɗaya. Kowane mataki yana da hujjarsa, sai dai kullum a kan masu ƙaramar murya yake faɗawa.

Shi kuwa yaro ɗan shekara huɗu bai iya kai ƙara ba. Baba ya dawo daga kasuwa bayan magariba ya ce, “Abba, ya makaranta?” Ya ce, “Lafiya lau.” Shi ke nan rahoto ya ƙare. Wadda ta san gaskiyar magana ita ce mai yi masa wanka. Ita ta ga kullum yana dawowa da wando a jiƙe, ta lallaɓa shi har ya gaya mata ramin masan makaranta ya yi masa faɗi, tsoron faɗawa yake yi, don haka sai ya matse har ya kasa. Ita ta lura gorar ruwansa tana dawowa babu ko ɗigo, leɓensa a bushe, domin randar ajinsu ta fashe tun zangon da ya wuce. Ita ta san kuɗin tara da take ba shi ba ya kaiwa tara ɗin, manyan yara sun karɓe a bakin ƙofa. Ita ta san yayarsa 'yar aji uku rabin darasinta a ajin ƙanana take yinsa, tana rarrashinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma taron kwamiti ana kiransa ne a ofishin hedimasta, cikin maza, a lokacin da take gaban murhu, kuma ba wanda ya aika mata.

Akwai dalilin da ya sa abin bai dame mu ba tun tuni. Mun gaji tarbiyyar makarantar allo, inda uba zai kama hannun ɗansa ya danƙa wa malam, ya riƙa aika kuɗin Laraba, ba ya kuma tambayar yadda ake yi. Wannan amana tana da tushe, domin malamin maƙwabci ne, tare ake sallah, zaurensa a buɗe yake, duk mai wucewa yana ganin yaran. Makarantar boko tana da katanga da ƙofa da mai gadi, malamanta daga ofis ake turo su, ana kuma iya ɗauke su gobe. Mun ɗauki irin amanar da muke ba malamin zaure mun kai can, alhali idon unguwa ba ya kaiwa bayan katangar.

Wasu ƙasashe sun rubuta wa iyayen ƙananan yara kujerarsu a doka. A Amurka akwai shirin Head Start, wanda aka fara a 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson, don 'ya'yan marasa ƙarfi da ba su isa shiga firamare ba. Tun 1970 aka shimfiɗa ƙa'idar cewa mai gudanar da shirin sai yana da majalisar tsare-tsare, kuma a yau fiye da rabin 'yan majalisar dole su zama iyayen yaran da suke cikin shirin a lokacin. Iyaye ne ke zaɓensu. Majalisar tana da ta cewa a kan kasafin kuɗi, da sharuɗɗan ɗaukar yara, da ƙa'idojin ɗauka da sallamar ma'aikata. Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne sharaɗin “a lokacin”. Da zarar ɗanka ya wuce, kujerar iyaye ta koma hannun wanda ɗansa yake ciki. A Italiya ma, makarantun yara na birnin Reggio Emilia da ake zuwa gani daga ko'ina sun samo asali ne daga wadda iyaye suka gina da hannunsu a wani ƙauye a 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Mu ma ba baƙin abin ba ne. Katsina tana cikin jihohin da UNICEF ta gudanar da kashi na uku na shirin ilimin 'ya'ya mata, GEP3, daga 2012, da tallafin gwamnatin Birtaniya. A ƙarƙashinsa an ƙarfafa kwamitocin SBMC, an ba makarantu tallafi kai tsaye, an kuma kafa ƙungiyoyin iyaye mata waɗanda suka riƙa bin gida-gida suna fito da yara. Ke nan an riga an gwada an gani, matan unguwa suna iya taro, suna iya bin diddigi. Abin da ya rage shi ne maganarsu ta shiga littafin da ake rubuta shawara.

Na san abin da wasu malamai za su ce: “Waɗannan iyayen fa wasunsu ko aji ɗaya ba su shiga ba, su za su koya mana aiki?” Akwai gaskiya a cikin fargabar, kuma ya kamata mu iyaye mu ji ta. Mu ne muke zuwa muna faɗa don ba a ba ɗan shekara huɗu aikin gida ba. Mu ne muke auna malama da ko yaro ya iya rubuta ɗaya zuwa ɗari, ko yana rera Turancin da bai san ma'anarsa ba. Muka ga suna wasa da ƙasa da marafan kwalba sai mu ce ba a karatu, alhali a wannan shekarun ta nan lissafi ke shiga. Yadda za a koyar aikin malama ne, shi ta karanta a kwalejin ilimi, ko ta tarayya da ke nan Katsina ko ta Isa Kaita a Dutsin-Ma. Amma sanin cewa yara saba'in sun yi wa mace ɗaya yawa, ko ɗaki ba ƙyaure, ko ana dukan ɗan da bai gama iya magana ba, wannan ba ya buƙatar takardar shaidar malanta ta NCE. Kuma malamar da ke da iyaye a bayanta ta fi ƙarfin neman mai taimaka mata a wurin hukuma.

Sai maganar kuɗi, inda zumunci ya fi saurin ɓaci. Duk abin da ya shiga asusun kwamiti, tallafi ne ko karo-karo, a karanta shi a bainar taro da Hausa, a liƙa a jikin bango. Mai wakiltar ƙanana tambaya ɗaya ce tasa: a cikin wannan kuɗi, nawa ya sauka a rabin aji? Tabarma nawa, randa ko bokiti, sabulu, gyaran masai daidai ƙafar yaro? Irin waɗannan kaya ba su da tsada, kuma saboda rashin tsadar tasu ake cewa a bari sai an gama manyan ayyuka, shekara ta ƙare ba a saya ba.

Idan kana da ɗa a wannan aji, ko kina da shi, ga inda za a fara. A je wurin hedimasta cikin girmamawa a nemi sunayen 'yan kwamiti da ranar zamansu na gaba. Iyayen ajin su haɗu, ko mutum goma ne, su fitar da mutum biyu, aƙalla ɗaya mace, a roƙi mai unguwa ya gabatar da su. Ko da ba a ba su cikakkiyar kujera nan take ba, a nemi a sa batun rabin aji cikin ajandar kowane zama, a kuma rubuta abin da aka yanke da sunan wanda zai aiwatar. A sa taron a lokacin da mata za su iya fita, kamar hantsin Asabar, kuma a yi shi a cikin ajin ƙananan, kowa ya ga inda suke zama. Maigida kuma, barin uwar ɗanka ta je wannan zama yana cikin kula da ɗanka. A makarantun kuɗi da na Islamiyya masu nazare, inda mai makaranta ke da wuƙa da nama, a nemi a ware wa iyayen ƙanana wakili a PTA tun ranar biyan kuɗin zango, lokacin da aka fi sauraron iyaye.

Idan an bi duk wannan a makarantar gwamnati aka ce babu kwamiti, ko yana nan amma ya shekara bai zauna ba, sai a rubuta takarda, iyaye su sa hannu, mai unguwa ya shaida, a kai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a riƙe kwafi ɗaya mai hatimin karɓa. A bidiyo na gaba za mu nuna yadda ake rubuta wannan takarda, da yadda ake karanta littafin kuɗin kwamiti layi bayan layi. Sai mun haɗu, a gaida yara.