Sitiriyo ko Mono: Wa Kake Yi wa Kiɗan?

Wannan lacca ce da wani tsohon mai haɗa sauti ya gabatar wa matasa makaɗan fiyano da masu ba da hayar sifika a Jos. An rubuto ta ne daga abin da aka naɗa a wurin, da 'yan gyare-gyare.

Assalamu alaikum, barkanmu da yamma. Na ga waɗanda suka taso tun daga Bukuru, na ga na Anguwan Rogo da na Tudun Wada, duk da sanyin nan. Allah ya saka muku da alheri.

Ban san mai fiyanon da bai taɓa sa'insa da mai miksa a kan maganar sitiriyo da mono ba, wato a raba sauti hagu da dama ko a haɗe shi ya fito iri ɗaya a kowace sifika. Shi ya zo da waya biyu, mai miksa ya ce ɗaya zai karɓa, kowa ya ɗaure fuska, ga baƙi sun fara shigowa. To bari in fara da abin da ya sa na daina ɗaukar maganar da wasa.

Wata shekara aka ɗauke mu aikin dinar biki a wani ɗakin taro a garin nan. Ɗakin faɗinsa ya fi tsawonsa. Dangin amarya a hagu, dangin ango a dama, fili a tsakiya don rawa da liƙi. Na kafa sifika ɗaya a kowace kusurwa, na jona fiyano da waya biyu, na murɗa ɗaya can ƙarshen hagu, ɗaya can ƙarshen dama. A inda na ajiye miksa, tsakiyar ɗaki, sauti ya yi daɗi har tsigar jikina ta tashi. Ana cikin kiɗa sai wata dattijuwa, gwaggon amarya, ta taso da kanta har inda nake, tana riƙe da mayafinta a kafaɗa. Ta ce, "Ɗana, abin naku lalacewa ya yi? Kiɗan sai ya zo ya tafi, ya zo ya tafi." Na ce, "Hajiya, bari in zo in ji." Na zauna a kujerarta. Wallahi gaskiyarta. Yaron da ke buga mana fiyano ya zaɓi muryar fiyanon lantarki irin ta Rhodes, mai lilo daga hagu zuwa dama. Ni a tsakiya lilo nake ji. Ita da sifika ɗaya kawai ke kai mata, in sautin ya tafi dama, ya bar ta ke nan. Rabin mutanen ɗakin haka suka wuni suna ji, ita kaɗai ta yi magana.

Me ya jawo haka? Sitiriyo dabara ce ta yaudarar kunne. Alan Blumlein, wani injiniya a Ingila, shi ya yi rajistar fasahar a 1931. Idan sifika biyu suka fitar da sauti iri ɗaya, ƙarfi ɗaya, ya iso kunnuwanka lokaci ɗaya, ƙwaƙwalwa sai ta ce maka daga tsakiya yake fitowa, inda babu sifika ko ɗaya. Amma ku lura da sharaɗin: lokaci ɗaya. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato santimita 34 a cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Wani Bajamushe, Helmut Haas, ya wallafa bincike a 1951 da ya nuna cewa in sauti biyu suka zo kusa da juna, kunne wanda ya riga isowa yake bi. Bambancin kashi ɗaya bisa dubun nan ya isa ya ja sautin gefe guda. Taku ɗaya za ka gusa, tsakiyar ta rushe.

Mu yi lissafi da kujerar gwaggon nan. A ce tsakaninta da sifikar hagu mita 3, ta dama mita 13. Bambancin mita 10 ke nan, sautin dama zai makara da kusan kashi 29 bisa dubu na daƙiƙa. Sannan a fili, duk lokacin da nisa ya ninku, ƙarfin sauti yana raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), don haka ta dama za ta iso mata a raunane da kusan desibel 13. Ina sitiriyo a nan? Rabin kiɗa kawai ta samu.

Abin ya fi shafarmu mu da muke aiki da Yamaha PSR da Korg Pa, waɗanda kiɗan fiyanonmu na Hausa ya ginu a kan irinsu. Waɗannan ba fiyano kaɗai ba ne, ƙungiyar makaɗa ce a cikin akwati ɗaya. Tun daga kamfani an rarraba kayan kiɗan da ke ciki: wannan jita an karkatar da ita hagu, wancan kacau-kacau an karkatar da shi dama. Ka buɗe su gaba ɗaya a filin biki ƙarƙashin kanofi, dangin ango da dangin amarya ba kiɗa ɗaya suke takawa ba.

Saboda haka ni a wurina, a fili, a faffaɗan ɗakin taro, a coci mai kujeru har bayan ginshiƙi, mono ya fi adalci. Wanda ke gefe ma gayyatarsa aka yi.

Amma, samari, kada ku fita ku ce na ce mono ba shi da illa. Mai fiyanon da ke kuka yana da hujjarsa. Muryar babban fiyano da ke cikin na'urarku, da makirufo biyu aka naɗo ta, kuma sautin kowace tsirkiya ba lokaci ɗaya ya isa gare su ba. Idan ka zuba su cikin waya ɗaya, wasu sassan sautin sai su kashe juna. Jinkirin kashi ɗaya bisa dubu yana cinye sautin da ke wajen haz 500, da 1,500, da 2,500 (haz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa, ma'aunin kaurinsa ko sirantakarsa), haka dai kamar haƙoran mataji. Kuma haz 500 daidai inda hannun dama yake yawan wasa ne. Shi ya sa za ka ji fiyanon ya zama siriri, kamar daga cikin gwangwani ake buga shi. Haka muryar ogan. Asalinta sifikar Leslie ce, wadda Donald Leslie ya fito da ita a farkon shekarun 1940 don ogan ɗin Hammond, ƙaho ne a ciki yake juyawa da gaske. A mono rawar muryar tana nan, amma kewayawar da ke cika ɗaki ta tafi. Lilon Rhodes ɗin nan kuwa, in ka haɗe hagu da dama, kusan ɓacewa yake yi.

To mono ma iya shi ake yi. Ku duba bayan fiyanonku. Kamfanin Roland suna rubuta L/MONO a rami ɗaya, a PSR za ku ga L/L+R (L hagu ke nan, R dama). In waya ɗaya za ku sa, nan ne wurinta, na'urar da kanta za ta haɗe ɓangarorin. In kun ji ya yi siriri, ku nemi muryar fiyanon da aka yi ta mono tun asali, na'urori da yawa suna da ita, kamfanin Nord ma maɓalli suka yi mata. Ko ku ɗauki ramin R shi kaɗai ku saurara, wani lokaci ya fi tsabta. Ku rage amsa-kuwwa, ɗakunanmu na siminti da tayil sun riga sun ba ku fiye da buƙata. Abin da nake roƙonku kada ku yi shi ne ku sayo wayar nan mai baki biyu ku haɗe L da R da ita. Mafita biyu ne kuke sa su ture juna.

Ni abin da nake yi yanzu, in miksa tana da wuri, ina karɓar waya biyun duka. Sai in buɗe su kaɗan, kamar hannun agogo a ƙarfe goma sha ɗaya da ƙarfe ɗaya. Na tsakiya ya sami ɗan faɗi, na gefe bai rasa komai ba. Cikakken sitiriyon kuma sai in tura shi kunnen mai kiɗan ta abin sawa a kunne, domin makaɗin da ke jin daɗin sautinsa hannunsa ya fi sakewa, in kuma tura shi na'urar naɗa. Sifikar gindi mai bugun ƙirji, ita mono ce kullum. A ƙaramin ɗaki mai tsawo, sifika kusa da juna, mutane a tsakiya, nan ku buɗe sitiriyonku yadda kuke so.

Wani ya turo takarda yana tambaya game da ƙugin da ke shiga in an jona fiyano da doguwar waya. Ƙanena, wutarmu haz 50 ce, ita kake ji. Wayar fiyano ba a yi ta don dogon zango ba. Ka sa akwatin DI, ɗan akwatin da ke mayar da sautin fiyano ya iya bin wayar makirufo, kusa da fiyanon, daga nan wayar makirufo ta kai miksa, in ƙugin bai tafi ba ka taɓa ɗan maɓallin da ke jikinsa mai yanke haɗin wayar ƙasa.

Yanzu a jona fiyanon nan, waya biyu, a buɗe su har ƙarshe. Kai mai jar hula, zo ka buga mana. Sauran ku tashi, rabi su je jikin bangon hagu, rabi jikin na dama, in na ɗaga hannu ku yi musayar wuri.