Macijiya, Mayya da Gimbiya: Matan da 'Ya'yanmu Ke Kallo a Waya

(Laccar da wata malamar Hausa ta gabatar wa iyaye da malamai a wata makarantar 'yan mata da ke ƙauye a yankin Birnin Kudu, Jihar Jigawa. An rubuto ta daga rikodi.)

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Dagaci, Allah gafarta Malam Liman, iyayena mata da kuka bar sussuka da surfe kuka zo, sannunku da zuwa. Na baya ku matso, muryata ba ta da ƙarfi.

A zangon karatun da ya wuce na raba wa 'yan aji biyu takarda da fensir mai launi, na ce kowacce ta zana mini jaruma. Da na tattara takardun na shimfiɗa a tebur, sai na ga kamar mace ɗaya suka haɗu suka zana. Fara tas, gashi har gadon baya, ƙugu kamar na zanzaro. Na kira wata yarinya, baƙa kyakkyawa mai wushirya, na ce, 'yata, ga launin ƙasa a hannunki, me ya hana ki shafa mata irin fatarki? Ta ce, "Malama, ai baƙar ita ce mayyar." Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba.

Kun san inda ta samo wannan magana. Ranar kasuwa yayanta zai kai waya wurin mai caji, a cika masa memori da fina-finan fassara, na Indiya da na Sin da na Amurka. Da dare yara goma su dunƙule a kan tabarma ɗaya, kai da kai, hasken waya a fuskokinsu. Abin da suka fi so kuwa shi ne fim na al'ajabi, mai dodanni da aljanu da takobin tsafi. Ni ma ina son su, kada ku ɗauka haramta su na zo yi. Amma na zauna na kalla da idon malama.

Gimbiya tana ɗaure a kogon dodo tana kuka, tana jiran namiji. Da ya kashe dodon sai a ba shi ita, kamar goron sallah. Wadda take da wayo ko ƙarfi kuwa, yawanci macijiya ce mai rikiɗa, ko mayya mai baƙaƙen kaya da dogayen farata.

Wani zai ce ai akwai mata mayaƙa. Akwai. To ku dubi kayan jikinsu. Duk wanda ya taɓa zuwa hawan sallah a Dutse ko Haɗeja ya ga 'yan lifidi, mutum da dokinsa a lulluɓe ruf, ya ga sulke tun daga wuya har gwiwa, ga kwalkwali a ka. Dalili ɗaya ne, kada mashi ya sami ƙofa. A fina-finan nan namiji haka yake shiga. Ita kuwa macen, ga ta a filin daga ɗaya da shi, kibau na zuba, an ɗora mata ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, ciki a waje, cinya a waje, takalmi mai tsini a cikin tabo. Wace uwa ce za ta tura 'yarta yaƙi a haka? Wanda ya zana ta ba tsaronta ne ya dame shi ba, idon mai saye yake nema. Su Turawan ma sun koka. Tun 1975 wata malama a Ingila, Laura Mulvey, ta rubuta cewa kyamarar fim da idon namiji take kallon mace. A 1985 kuma wata mai zane a Amurka, Alison Bechdel, ta fito da wani gwaji da kowaccenku za ta iya yi yau da dare: a fim ɗin akwai mata biyu? Sun yi magana da juna? Maganar tasu ta wuce zancen namiji? Ku gwada, har a kan namu na Kano, inda mace ba ta zuwa wurin boka sai don ta mallake miji ko ta haukata kishiya.

Yanzu ku tuna da tsakar gida. "Ga ta nan, ga ta nanku." Wa ke faɗa? Kaka ce, ko gwaggo, ko inna. Tatsuniya gonar mata ce, kuma da yake bakin mace ke ba da ita, yarinyar ciki tafiya take da ƙafarta. Yadda kakata ta ba mu, 'yar bora aka kora ta je ta wanko ƙirgi a ruwan Bagaja. Ita kaɗai ta ratsa daji, tana tambayar kogi bayan kogi, ta tarar da cinya da kare a bukka, ta yi musu ladabi, ta bi umarni, ta dawo da dukiya. Babu ɗan sarkin da ya ɗauko ta a doki. Kuma ban taɓa jin kaka ta tsaya faɗin launin fatarta ko faɗin ƙugunta ba. Kowace yarinya a tabarmar nan fuskarta take sa wa 'yar bora.

Ba zan wanke tatsuniyarmu tas ba. Ita ma ta cika ɗora wa kishiyar uwa mugunta, har yarinya ta tashi da tsoron matar babanta tun ba ta yi mata komai ba. Wannan namu ne, mu za mu gyara.

Ga kuma tarihi. Amina 'yar Bakwa ta Zazzau, Tarihin Kano ya ce shekara 34 ta yi tana yaƙi, har Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Har gobe ana cewa ganuwar Amina. Daurama ta mulki Daura. Nana Asma'u, da ta rasu a 1864, jaji ta riƙa naɗawa, wato mata masu malfa da ke bin ƙauyuka irin namu suna koyar da 'yan'uwansu. Da na tambayi ajin nan wa ta san jaji, shiru. Sunan macijiyar Indiya kuwa har da waƙarta.

Hajiya a can tana tambaya, to mu ƙwace wayoyin? A'a, Hajiya, in kin ƙwace a gidanki za ta kalla a maƙwabta. Ki zauna kusa da ita ki tambaye ta, wannan matar me take so, me ya sa ba a bar ta ta yi magana ba? Sannan ki ba ta tatsuniya ko ɗaya a mako, ko kina ɓarar gyaɗa.

Ni na roƙi wata tsohuwa a unguwar nan ta shigo aji ta ba su ruwan Bagaja, na sake raba takarda. Yarinyar nan mai wushirya ta zana 'yar bora da ƙirgi a ka, ƙafa duk ƙura, kitso shuku. Fensir mai launin ƙasa ta danna har ya karye, ta zo ta ce in ara mata reza ta feƙe. Ga zanen nan a hannuna, a miƙa wa iyaye mata su fara gani.