Marubuci Ba Ya Girma Shi Kaɗai a Ɗaki

Assalamu alaikum. Malam shugaba, iyayenmu da ke nan gaba, 'yan uwa marubuta maza da mata, barkanmu da war haka. Na can baya kuna jina? To madalla. Abubuwa uku zan faɗa a kan amfanin haɗuwar marubuta ido da ido, kuma in Allah ya yarda ba zan shiga muku lokacin la'asar ba.

Na farko tarihi ne. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, wanda aka kafa a 1966, shi ne babbar ƙofar da marubucin Hausa ke bi ya ga littafinsa a kasuwa. Da tattalin arziki ya karye, aka shigo da SAP, wato shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, a 1986, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka karkata ga littattafan makaranta. Ga matasa a Kano da labarai cike da littafin rubutu, babu mai bugawa. Sai suka nemi juna. A nan aka samu ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya da Jigon Hausa. A Raina Kama akwai su Malam Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Wannan ya san maɗaba'a mai sauƙi, wancan ya san mai zanen bango, wani ya san dillalin da zai karɓi littafi ya biya bayan ya sayar. Har jerin littattafan 'yan ƙungiya ake sakawa a cikin littafin ɗan uwa, mai karatu ya gama wannan ya tafi neman wancan. Zama ne ya haifar da wannan, jama'a, zama!

Amma na biyu, abin da ya fi tsaya mini a rai, shi ne karatu a gaban mutane. Ku ba ni dama in daɗe a nan. Yau yarinya za ta saki babi a WhatsApp, kafin ta ajiye waya an cika ta da "Masha Allah, Allah ya ƙara basira, muna jiran ci gaba." Addu'a ce mai kyau, amin. Amma wa ya gyara mata? To ku kawo ta zaure irin wannan, a miƙa mata makirufo. Takardar tana rawa a hannunta. Ta shiga wata doguwar jimla, numfashinta ya ƙare ba ta kai aya ba, ita da kanta ta ji jimlar ta yi tsawo, ba wanda ya faɗa mata. Ta zo wurin da ta sa ran za a yi dariya, zaure ya yi tsit. Ta zo wani wurin da ba ta ɗauke shi komai ba, sai ta ji wata dattijuwa ta ce "Allah sarki!" Wannan darasin fuskokin mutane ne suke koyar da shi. Fuskoki, na ce.

Bayan ta zauna kuma a fara. Wani malami da jan biro ya nuna mata inda ta haɗe "a kan" alhali rabawa ake yi, da inda ta bar harafin ƙa babu lanƙwasa har ma'ana ta sauya. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce, ƙanwata, ba haka ake sa wa mara lafiya ƙarin ruwa ba. Basakkwace ya miƙe ya ce, in dai jarumin nan namu ne, to ba haka muke magana ba. Ga Bakatsine can yana murmushi, na san shi ma da tasa a baki! Gyaran da za a rubuta maka a waya ka kwana da haushi, in an faɗa maka shi ana kallon idonka, ga lemo a gabanku, sai ka karɓa har ka yi godiya. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ba a zama ɗan gari daga nesa.

 To, na uku, a gurguje. Ku fita waje. Ƙungiyar marubutan Najeriya, wato ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a Nsukka a 1981, tana babban taro duk shekara. An fara KABAFEST, bikin littattafai da fasaha, a Kaduna a 2017. A irin wuraren nan ake gamuwa da masu fassara da editoci da 'yan fim masu neman labari. Ka tafi da littafinka a jaka, ka gaisa da mutane, kar ka maƙale da waɗanda kuka zo tare. Na'am, Hajiya? A ba ta makirufo.

Tambayarta ita ce, matar aure mai yara, wadda ba ta da kuɗin mota zuwa Kaduna, wataƙila ma maigida bai yarda ba, ita fa? Hajiya, kin taɓo babbar magana, domin mata ne suka fi riƙe rubutun nan namu. Ba sai an je Kaduna ba. Mata sun kafa nasu ƙungiyoyin, irin su Kallabi da Mace Mutum. Ko ku biyar ne a unguwa, ku sa rana ɗaya a wata, da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, wannan watan a gidan wannan, wata mai zuwa a gidan waccan. Kowace ta zo da shafi biyu ta karanta a bayyane. Mu kuma masu shirya taro, mu daina sa shi da yamma har ya kai magariba, mu tanadi wurin da mai goyo za ta zauna, mu aika wa maigida katin gayyata da sunansa. Malam sakatare, don Allah a rubuta wannan a tattauna a zama na gaba. Akwai wani hannu can baya, bismillah.