Darasi: Inda Rut Yake Zaune a Waya, da Yadda Ake Dawo da Shi Idan Ya Ɓace

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ga waya a hannuna, ga kwamfuta a gefe, ga kebul. Wannan wayar jiya da dare tana da rut lafiya lau. Na sa ta a caji na kwanta, ta sabunta kanta cikin dare, da safe na buɗe Magisk, manhajar da ke kula da rut, ku duba nan, a gaban Installed an rubuta N/A. Rut ya tafi. Da gangan na ƙi gyarawa, na ce bari mu gyara tare a gaban kyamara.

Amma kafin nan, wanda yau ne farkon jinsa, bari ya san me ake nufi. Android a kan Linux aka gina shi, kuma a Linux akwai wani asusu guda da ya fi kowa iko, sunansa rut, lambarsa 0. Shi ba a hana shi shiga ko'ina. Kamfanin da ya ƙera waya yana rufe wannan asusun, sai ka zama kamar ɗan haya a gidan da ka saya da kuɗinka: akwai ɗakunan da ba ka da makullinsu. Yin rut shi ne karɓar makullan. Da su za ka cire manhajojin da suka zo da waya suka ƙi gogewa, ka toshe tallace-tallace tun daga tushe, ka kwafe bayanan manhaja gaba ɗaya.

To a ina rut yake zaune? Nan nake so ku kasa kunne, don duk darasin yau a kan amsar nan ya rataya. A da, zamanin manhajar rut ta SuperSU da Chainfire ya haɗa, cikin ɓangaren system ake kutsawa a dasa fayil. Akwai kuma irin su KingRoot, danna sau ɗaya, waɗanda ke bi ta ɓarakar tsaro. An daɗe da toshe waɗannan ɓarakokin, saboda haka duk manhajar da ta ce za ta yi wa sabuwar waya rut da dannawa ɗaya, ka yi nesa da ita. A 2016 John Wu ya fito da Magisk da wata dabara daban: ba ya taɓa system ko kaɗan, fayil ɗin da waya take tashi da shi yake yi wa faci, wato boot.img. Rut ɗinka kenan, fayil ɗaya mai faci. Idan sabuntawa ta zo ta shimfiɗa sabon boot.img a kan naka, facin ya tafi, rut ya bi shi. Abin da ya sami wayata kenan, ba wani aljani ba ne.

Ba za ka iya dasa fayil mai faci ba sai butloda a buɗe yake. Butloda shi ne mai gadin ƙofa, shi ke fara tashi idan ka kunna waya, ya duba ko abin da zai tayar yana ɗauke da sa hannun kamfani. Buɗe shi kuwa ga yadda yake. Ka shiga Settings, About phone, ka danna Build number sau 7. Developer options zai bayyana. A ciki ka kunna OEM unlocking da USB debugging. A kwamfuta ka sauke Platform Tools na Google, a ciki adb da fastboot suke, kayan ba waya umarni daga kwamfuta. Ka haɗa kebul, ka rubuta adb reboot bootloader, sannan fastboot flashing unlock. Tsofaffin wayoyi fastboot oem unlock suke ji. Wayar za ta tambaye ka, ka zaɓa da maɓallin ƙara, ka tabbatar da maɓallin kunnawa.

Ina roƙonku, ku kwashe hotuna da lambobi da komai kafin wannan matakin. Buɗe butloda yana share wayar tas, kuma da gangan aka yi shi haka don kada ɓarawo ya buɗe ya karanta kayanka.

Kowane kamfani da halinsa. Pixel ba ta da gardama, sai dai wadda kamfanin layi ya kulle. Xiaomi sai ka haɗa asusunka da wayar, ka bi ta manhajarsu ta buɗewa, kuma a da an saba jiran awa 168, mako guda cur. Huawei tun 2018 suka daina ba da lambar buɗewa. Samsung kuma ba ta amfani da fastboot, Download mode take shiga, a yi mata filashin, wato dasa fayil, da manhajar kwamfuta mai suna Odin, kuma akwai Knox. Knox tsarin tsaro ne mai ɗan fis a cikin wayar, da zarar ka dasa abin da ba na kamfani ba ya ƙone, lambarsa ta koma 0x1, kuma ba ya gyaruwa har abada. Secure Folder da Samsung Wallet sun tafi kenan ko da ka mayar da komai yadda yake. Mai Samsung ya yi wannan lissafin tun kafin ya taɓa kebul.

Yanzu mu dawo kan mara lafiyarmu. Abu na farko, kada ka yi saurin cewa rut ya ɓace. Sau da yawa yana nan, manhajar ce ta rikice. Idan ka taɓa ɓoye Magisk da wani suna, ka manta, ka sake sauke wani, to biyu ne a wayar suna karo da juna. Goge ɗaya. Wani lokacin kuma manhaja ɗaya ce kawai ta kasa samun izini don ka taɓa danna Deny, sai ka shiga shafin Superuser ka kunna mata. Idan ka ga lambar siga a gaban Installed, rut na nan. Idan N/A ne kamar nawa, to aiki ya same mu.

Ga aikin. Ina shiga About phone, ina kallon Build number, ina rubuta shi a takarda harafi da harafi. Wanda wayar take kai yanzu bayan sabuntawa, ba na jiya ba. Sai in nemo cikakken rom na kamfani, wato kunshin Android ɗin da waya take aiki da shi, mai wannan lambar daidai. Na riga na sauke don kada mu zauna jira. Idan ka buɗe shi, wasu za ka ga boot.img a fili. Wasu kuma fayil ɗaya babba za ka gani, payload.bin, komai a dunƙule a ciki, sai ka sa manhajar payload dumper ta warware maka shi.

Nan akwai wata 'yar mararraba. Wayar da ta fito daga kamfani da Android 13 ko sama, galibi an raba abin gida biyu, kuma wanda ake yi wa faci shi ne init_boot.img. Pixel 7 haka take. Wayar da ta fito da Android 12 ko ƙasa, ko da daga baya ta hau 13 ko 14, boot.img ɗinta za ka ɗauka. Abin lura shi ne da me aka haife ta, ba inda ta kai yau ba.

Na tura fayil ɗin cikin waya. Na buɗe Magisk, Install, sai Select and Patch a File, na zaɓo shi, Let's go. Kun ga rubutu na gudu, ya gama. Ya ajiye sabon fayil a Download, sunansa ya fara da magisk_patched. Na jawo shi zuwa kwamfuta. Adb reboot bootloader. Sai fastboot flash boot, in bar tazara, in sa sunan fayil ɗin. Mai init_boot ya rubuta fastboot flash init_boot. Ya ce OKAY. Fastboot reboot. Bari mu ba ta minti ɗaya.

Kafin ta tashi, ga abin da ya sa nake nanata lambar nan. Na taɓa yin ganganci da wata waya, na ce ai wata ɗaya ne tsakanin tsohon fayil da sabo, me zai bambanta? Na dasa tsohon. Wayar ta tashi kam, amma wayifai ya mutu, sikirin ya daina jin yatsa, domin kanel, wato zuciyar Android, da ke cikin tsohon fayil bai dace da sauran kayan da aka sabunta ba. Abin da ya cece ni shi ne ina da boot.img na asali mai lamba daidai a kwamfuta, na mayar da shi, komai ya dawo. Tun daga ranar kowace sabuntawa sai na ajiye kwafi biyu, mai faci da mara faci. Haka kuma kada ka karɓi fayil mai faci daga hannun wani ko da wayarku iri ɗaya ce. A kan wayar da za a dasa wa ake yin facin.

Yauwa, ta tashi. Mu buɗe Magisk. Ga lambar siga a gaban Installed. Rut ya dawo, modul ɗina, wato ƙarin kayan da na ɗora wa Magisk, duk suna nan, hoto ko ɗaya bai goge ba, domin ɓangaren boot kaɗai muka taɓa.

Da na yi hankali ma, da duk wannan bai taso ba. Tun Android 7 aka fara yin wayoyi masu ɗaki biyu, A da B. Kana amfani da A, sabuntawa tana sauka a B, idan ka sake kunnawa sai waya ta koma B. To dabarar ita ce ka riga ta shiga B. Idan sabuntawa ta zo, ka buɗe Magisk, Uninstall, ka zaɓi Restore Images, kada ka kashe waya. Ka bar sabuntawar ta sauka ta gama. Za ta ce ka danna Restart. Kada ka danna! Ka koma Magisk, Install, ka zaɓi Install to Inactive Slot, ya yi wa ɗaki na biyu faci, sannan ka sake kunnawa daga cikin Magisk ɗin. Waya za ta tashi da sabon Android da rut ɗinta. Kuma a Developer options akwai Automatic system updates, ku kashe shi. Ni shi na manta. Masu Samsung ku taku hanyar daban ce: a cikin fayilolin rom ɗinku, fayil ɗin AP za ku yi wa faci, ku sa shi a Odin tare da BL da CP, sannan ku zaɓi HOME_CSC, domin CSC zalla share waya yake yi.

Idan kuma modul ne ya hana waya tashi, tana ta kewaya a kan tambari, ba sai ka yi filashin ba. Haɗa kebul ka rubuta adb wait-for-device shell magisk --remove-modules, ka kunna ta, zai kwashe su duka.

Saura rom na daban, wanda ba na kamfani ba. Mutane na haɗa shi da rut, alhali abu biyu ne. Rut makulli ne, rom kuwa rushe gidan ne a sake gini. Amfaninsa babba shi ne wayar da kamfani ya daina aiko wa sabuntawa ta samu sabon Android. Wanda aka fi sani LineageOS, magajin CyanogenMod da ya rufe a Disamban 2016. Akwai GrapheneOS na masu son tsaro, shi da Pixel yake tafiya. LineageOS ba ya zuwa da rut, in kana so sai ka yi wa boot.img ɗinsa faci kamar yadda muka yi yanzu, kuma duk sabuntawa ka tuna da shi.

Wajen zaɓen rom kada ka bi sunan da ke jikin kwali. Kowace waya tana da laƙabin da masu haɗa rom suka san ta da shi, kuma waya biyu na iya zama da suna ɗaya a kasuwa alhali guntun da ke cikin ɗaya na Qualcomm ne, na ɗayar na MediaTek. Laƙabin za ka bi. Sannan ka karanta wane Android na kamfani rom ɗin yake so ya tarar a wayar, ka hau shi tukuna. Daga nan ka dasa rikabari, wato ɗan shafin gyara da ake dasa rom daga cikinsa, wanda rom ɗin ya zo da shi, ko rikabarin TWRP idan shi aka ce, ka shiga, ka yi Format data. Format fa, ba gogewar sama-sama ba, domin bayanan a kulle suke da makullin tsohon rom, sabon ba zai iya karanta su ba. Sai Apply update, a kwamfuta ka rubuta adb sideload da sunan fayil. Idan ka ga ya tsaya a kashi 47 kada gabanka ya faɗi, haka yake yi, duba fuskar wayar ka ga ko ta ce ta gama. Mai son Play Store ya dasa kunshin manhajojin Google, irin MindTheGapps, kafin tashin farko. Idan ka bari ta tashi tukuna, sai ka sake share ta.

Ga abubuwa uku da ke lalata waya, wasu har su mayar da ita bulo, ta ƙi tashi, kuma duk ukun hannun mutum ne. Komawa tsohon rom a wayar da ke da kariyar hana komawa baya, kamar yadda Pixel 6 ta samu da zuwan Android 13 a 2022. Rufe butloda alhali akwai faci ko rom na daban a ciki, mai gadi zai ga babu sa hannun kamfani ya ƙi tayar da ita, kai kuma ka kulle ƙofar gyara. Sai masu MediaTek da ke zaɓar Format All + Download a SP Flash Tool, wannan yana share ɓangaren da IMEI yake, waya ta tashi amma babu sabis. Download Only ake zaɓa.

Maganar manhajojin banki kuma ba zan yi muku daɗin baki ba. Da akwai MagiskHide mai ɓoye musu rut, John Wu ya koma aiki da Google a 2021, aka cire MagiskHide a siga ta 24 ta Magisk, aka kawo Zygisk da DenyList. Google ma ta ajiye SafetyNet, tsarinta na duba ko an taɓa waya, ta koma Play Integrity, wanda ke iya tambayar guntun tsaron da ke cikin wayar kai tsaye ko butloda a buɗe yake. Dabarar da ta yi aiki wannan watan tana iya mutuwa wata mai zuwa. Ni dai wayar da nake hulɗar kuɗi da ita ban taɓa buɗe ta ba, wannan ta hannuna ita ce ta gwaje-gwaje.

Bari in shiga Developer options a gabanku in kashe Automatic system updates ɗin nan. Na kashe. Fayil biyun kuma ga su, na sa su a folda guda, na rubuta mata lambar Build number ta yau. Sai mun haɗu a darasi na gaba.