Yaro Ya Yi Daidai, Wa Ya Gani?

Assalamu alaikum. Ku zo mu leƙa wani gida a Garwa ta arewacin Kamaru da hantsi. Yarinya 'yar shekara bakwai ta share tsakar gida tas, ta wanke kwanuka, ta goyi ƙaninta har ya yi barci. Ba wanda ya ce mata sannu. Can da la'asar kofin shayi ya suɓuce mata ya fashe. Nan da nan gida ya ɗauka: uwa na faɗa, goggo ta sa baki, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

To me yarinyar nan ta koya yau? Ta koyi cewa ba a ganinta sai ta yi ɓarna.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura da wannan. A shekarun 1930, wani Ba'amurke mai suna B.F. Skinner ya riƙa sa ɓera cikin akwati mai ɗan maɓalli. Duk lokacin da ɓeran ya danna, sai abinci ya faɗo. Ba a daɗe ba ya mai da dannawa sana'a. Abin da aka gano shi ne, duk aikin da daɗi ya biyo bayansa, za a sake shi. Yaro ba ɓera ba ne, amma shi ma yana da abin da yake nema ido rufe: hankalin iyayensa. In bai same shi da ladabi ba, zai neme shi da ƙiriniya, don a wurinsa tsawa ta fi shiru.

Na san abin da ke hana mu, kuma ban raina shi ba. Daga Marwa har Ngaundere, mu da maƙwabtanmu Fulani an raine mu da kunya. Uwa ba ta ko kiran sunan ɗan fari, balle ta yabe shi a gaban mutane. Ga tsoron baki, ga tsoron kada kan yaro ya kumbura. Amma ai muna da maganin wannan a bakinmu tun kaka da kakanni: sa albarka. "Allah ya yi miki albarka." Wane ne a cikinmu, ko da ya yi furfura, bai jin sanyi a ransa in tsohuwarsa ta faɗa masa haka? Matsalar dai, mun ajiye ta sai ranar aure ko ranar tafiya.

Ku fito da ita kullum, amma ku haɗa ta da aikin. "Yaron kirki" kawai bai gaya wa yaro komai ba. Ki ce, "Na ga ka ba ƙanwarka rabin ƙosanka ba tare da an ce ka ba ta ba, Allah ya yi maka albarka." Yanzu ya san ainihin abin da zai maimaita. Kuma a faɗa nan take, ba sai gobe ba, don ƙaramin yaro ba ya haɗa yabon yau da aikin jiya. In ya dawo daga makarantar allo ya iya wankinsa, yabi naciyar da ya yi a kai, ba kaifin kansa ba. Naci a hannunsa yake, gobe ma zai iya.

A yi hattara da kuɗi da alewa. A 1973, Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun gwada yara masu son zane. Wasu aka yi musu alkawarin kyauta in sun zana. Daga baya, da aka bar su su yi wasan da suka ga dama, waɗanda aka yi wa alkawarin sai suka rage zanen. In kowane aike sai da sefa hamsin, ranar da babu hamsin babu aike. Tukwici na ba-zata daban, ciniki daban.

Wani zai ce to bulala fa? Bulala na tsayar da laifi muddin kana tsaye a wurin, amma ba ta nuna wa yaro abin da zai yi a madadinsa. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Gyara na nan, hani na nan, sai dai kada su zama su kaɗai ne muryar da yaro ya sani.

In kuwa 'yar fari ce, kunya ta ɗaure miki baki, ga dabara. Bari sai tana kusa, tana jin ku, ki juya wurin kakarta ki ce, "Inna, kin ga wadda ta share mana gidan nan yau?" Sannan ki saci kallon yarinyar, ki ga inda hannunta zai nufa gobe da safe.