Tsayin Ambaliya Da Ɓarnarta A Bakin Ƙananan Rafuka

Ku ɗauki misalin bangaye biyu bayan ambaliya. Rafi ɗaya ne, ruwan dare ɗaya. A na farko shatar laka ta kai ƙirji, amma gidan yana tsaye. A na biyu ruwa bai wuce gwiwa ba, sai ga katanga a ƙasa. Gudun ruwa ne ya raba su.

Ruwan da zai cika akwati mai mita 1 ta kowace fuska, nauyinsa tan guda ne. In gudunsa ya ninka biyu, ƙarfin turinsa ya ninka huɗu. Hukumar yanayi ta Amurka na gargaɗin cewa santimita 15 na ruwa mai gudu na kayar da babban mutum, 30 na ɗauke ƙaramar mota, 60 kuwa har jif sai ya tafi da ita.

To, yaya ake gwada tsayi a wurare daban-daban? A je da wuri, kafin a share ko wani ruwan ya wanke shaida. Shatar da ta fi gaskiya tana cikin ɗaki, inda ruwa ya kwanta ya bar siririn layin ƙaiƙayi da dusa. Bangon da ke fuskantar ruwa yana ƙara tsayi, domin ruwa na hawa jikinsa. Ledar da ta maƙale a reshe kuwa, kada a yarda da ita: reshen ya sunkuya cikin ruwa ne, ya miƙe daga baya.

Babban kuskure shi ne kowa ya auna daga ƙasan tsakar gidansa. Wani gida a tudu yake, wani a kwari. A zaɓi wuri ɗaya da ba ya motsi, kamar simintin gada, a ɗauko lebur daga can da tiyon ruwa irin na magina, a shafa fenti, a rubuta ranar.

Daga nan za ku ga abin da rafin ya yi. Gab da kwalbati, ta sama, ruwa ya fi tsayi, tunda itace da shara sun toshe baki. Can ruwan a kwance yake, amma in ya daɗe, ginin ƙasa ya jiƙa daga tushe ya zube. Ta ƙasan kwalbati tsayi ya ragu, gudu ya ƙaru, ya kwashe ƙasar da ke riƙe da harsashi. A inda rafi ya yi kwana, gaɓar waje ce ke cinyewa.

Kuma ba sai an yi ruwa a kanku ba. A Agadas, cikin Satumbar 2009, ruwan da ya sauka a duwatsun Ayar ne ya biyo koramar Telwa, ya fasa shingen da ke tare ruwa, ya shiga unguwanni. Tunda tsayi kaɗai ba ya nuna ɓarna, a gefen kowane tsayi, a rubuta yawan awannin da ruwan ya yi a wurin, da irin abin da ya iya ɗauka.