Tsattsewar da Ta Bar wa Mutum Ginin Gidanta

Ku yi tunanin wani dogon ƙarfe da aka kafa a bayan gida. Fararen goruna ne aka jera a kansa, kowanne da 'yar ƙofarsa. Wanda ya tashi a karkara zai gane su nan take, domin duman da muke fafewa mu yi ƙwarya da goran ruwa ne, ko da yake yanzu wasu na roba ne. A Amurka ɗakunan tsuntsu ne, kuma mazaunin cikinsu a gabashin ƙasar kusan ba shi da wani gida sai wanda mutum ya kafa masa.

Purple martin ake kiransa, babban yaya a dangin tsattsewa na Amurka ta Arewa. Namijin da ya shekara biyu baƙi ne wuluk, amma da rana ta taɓa shi sai ya ɗauki ƙyalli kamar rawanin ɗan Kura da ya sha baba da bugu.

A da, kogon itace yake nema ya yi sheƙa. Tun kafin zuwan Turawa, ƙabilun asali irin su Choctaw da Chickasaw suke fafe duma suna rataye masa kusa da gidajensu. Turawa suka gani suka ɗauka, tsuntsun ya saba. Yau duk gabashin tsaunukan Rocky, da wuya ka same shi a kogon itace. In mutane suka daina kafa masa gida, ya shiga uku.

Akwai kuma 'yan ƙwacen gida. An shigo da gwaran Turai wajen 1850, sannan a 1890 aka saki tsuntsun starling a birnin New York. Suka hayayyafa suka cika ƙasar. Starling kan kutsa cikin gora, ya fasa ƙwai, ya kashe 'ya'ya, ya zauna abinsa. Dabarar da aka samo tana burge ni: a yanka ƙofar kamar jinjirin wata, tsayinta kimanin santimita 3. Martin zai lanƙwasa ya wuce, starling kuwa ƙirjinsa ya hana shi.

Mai irin wannan gida ba ya hutawa. Bayan 'yan kwanaki sai ya sauke gorunan da igiya, ya ƙirga ƙwai, yawanci 4 zuwa 6, ya cire sheƙar gwara, ya duba shingen da ke hana maciji hawa ƙarfen. Tsuntsun nan a sama yake cafkar abincinsa, don haka in sanyi da ruwa suka jera kwanaki, ƙwari suka ɓuya, yunwa ce za ta kashe shi. A irin wannan ranar za ka ga dattijo a tsakar gida yana cilla gyare sama da cokali, tsuntsaye na cafkewa. Ni dai wannan hoton ba ya fita raina.

An daɗe ana tallar cewa yana cin sauro 2,000 a rana. Ba haka ba ne. Da rana yake farauta can sama, inda mazari da ƙwaro suke, sauro kuwa na ƙasa ne, na dare. Ƙungiyar kare wannan tsuntsu, Purple Martin Conservation Association, da aka kafa a 1987 a jihar Pennsylvania, ta sha gyara wannan magana.

Da 'ya'ya suka yi fiffike, sai a fara taruwa. A wani tsibiri na tafkin Murray a South Carolina, dubban ɗaruruwa ke kwana wuri guda, kuma in suka tashi da asuba har na'urar masu hasashen yanayi tana nuna su kamar zobe mai faɗaɗa. Daga nan sai Amurka ta Kudu, galibi dajin Amazon na Brazil, tafiyar dubban kilomita.

A watan Janairu na farkon dawowa ke sauka a Florida, na Kanada sai wajen Mayu. Manyan cikinsu kai tsaye suke nufar ƙarfen da suka yi ƙyanƙyasa a kansa bara, su sauka a bakin goran, su leƙa ciki.